Darasi na Tara: Haɗa Babban Jirgin Rimot Mai Alkafura da Daidaita Shi

A kasuwar Bagudo, ko ta Kaoje, ko ta Lolo da ke bakin iyakar Benin, akwai mutum uku da in aka haɗa hannuwansu wuri guda za a iya tada jirgin da wannan darasi yake magana a kai. Akwai kafinta, wanda ya san yadda katako ke karɓar gam da yadda yake bauɗewa in ya sha laima. Akwai bakanike mai gyaran babur da injin ban-ruwa, wanda da kunne kawai yake gane ko mai ya yi wa inji yawa. Sai mai gyaran waya da rediyo, mai dalma da mita. Abin da sana'ar kowannensu ba ta koya masa ba shi ne awo da daidaita jirgi, kuma a nan za mu fi daɗewa. Yawancin jiragen da ke tarwatsewa a tashin farko lafiyayyu ne a ido; a wurin daidaitawa aka yi musu sakaci.

Jirgin da muke nufi ba irin wanda ake saya wa yara da salla ba ne. Kwafin jirgin gaske ne da aka rage wa girma. Wanda aka fi kwaikwaya shi ne Extra, ƙirar Bajamushen nan Walter Extra, jirgin da matuƙa ke shiga gasar alkafura a sama da shi. Akwai kuma Edge 540 na Amurka da Yak-54 na Rasha. Faɗin fukafukan Extra 330SC na gaske, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mita 7.5 ne. In aka rage shi zuwa kashi 30 cikin 100, za a samu jirgi mai faɗin mita biyu da kwata, nauyinsa kilo 7 zuwa 8, injinsa na fetur mai cc 50 zuwa 60. In kuwa kashi 35 ne, faɗin ya haura mita biyu da rabi, nauyin ya kai kilo 12 ko fiye, injin kuma cc 100 zuwa 120, wato girman injin babur ɗin Boxer da ake acaba da shi. Abu mai wannan nauyi da ke gudun fiye da kilomita 100 a sa'a yana iya kashe mutum ko saniya. Ku riƙe wannan a rai har ƙarshen darasin.

Sha'awar ƙera abin tashi ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, ya kuma ɗaga shi daga ƙasa kimanin mita biyu. A 2018 Rundunar Sojin Sama ta ƙaddamar da jirginta marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna. Tsakanin ƙoƙarin mutum ɗaya a bayan gida da aikin hukuma mai injiniyoyi akwai mataki, kuma jirgin rimot shi ne matakin: a kansa mutum ke koyon dokokin tashi ba tare da ya sa ransa a ciki ba.

Jiki da leɓɓa

Gangar jikin da fukafukan ana yin su ne da katakon balsa, wanda yawancinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, mara nauyi ƙwarai har farce yana lotsa shi, tare da siririn filawud a wuraren da ke ɗaukar wahala. Yau yawancin masu wannan harka suna sayen jirgin ne an riga an haɗa jikinsa an lulluɓe shi da leda ta musamman, sai su ƙarasa sauran. Kada wannan ya ruɗe ku. Kafin komai, a leƙa cikin gangar da tocila, a bi kowace mahaɗa, musamman allon gaba da inji ke ɗaure a kai da wurin da ƙafafun sauka suke. Duk inda gam ya yi ƙaranci a ƙara. Ledar kan saki ta yi tamoji saboda zafin hanya. Ana miƙar da ita da ƙaramin dutsen guga mai matsakaicin zafi, a fara da gefuna.

Jirgi yana juyawa ne da leɓɓa iri uku. Leɓen fiffike, ɗaya a kowane fiffike, shi ke mirgina jirgin dama ko hagu. Leɓen wutsiya na kwance shi ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Leɓen wutsiya na tsaye shi ke karkata hanci gefe. A jirgin alkafura waɗannan leɓɓa manya ne fiye da kima, kuma a kan hinji suke lilo.

Sa hinji aiki ne na minti talatin da ke yanke hukuncin rayuwar jirgi, don haka bari mu tsaya a kansa. Hinjin manyan jirage kamar fensir ne gajere mai gaɓa a tsakiya. Za ka ɗiga ɗigon mai ko ka shafa ɗan baselin a kan gaɓar kaɗai, don kada gam ya kama ta. Sai ka kwaɓa gam mai haɗi biyu, irin wanda ke ɗaukar rabin sa'a kafin ya daskare, ba mai minti biyar ba, ka tura shi cikin ramin da tsinke har ya jiƙe bangon ramin. Ka cusa hinjin, ka lanƙwasa shi don ka tabbata gaɓar tana kallon inda leɓen zai motsa, ka goge abin da ya tsatso da tsumma. Washegari ka kama leɓen da hannu biyu ka ja da ƙarfi, kamar mai son cire shi. Almajiri kan ce, "Maigida, ai zai karye." Amsar ita ce gara ya fita a hannunka da ya fita a sama. Daga nan a toshe tsagar da ke tsakanin leɓe da fiffike da siririyar leda. Tsaga a buɗe, ko sanda mai jan leɓe da ke da lako-lako, su ke jawo karkarwar da kan yage fiffike cikin daƙiƙa biyu in jirgi ya ɗauki gudu.

Inji da mai

Injinan da aka fi samu su ne DLE na ƙasar Sin da DA na Amurka. Irin injin ƙaramin janareta Tiger ne, wanda ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, kuma kafiretonsa irin na injin yankan itace ne, mai allura biyu, ɗaya an rubuta mata L ta sulo, ɗaya H ta cikakken totur. Kowane kamfani yana faɗin ma'aunin haɗinsa, kuma shi za a bi. In an ce 30 da 1, lita biyar ta fetur tana son mililita 167 na mai. In 40 da 1 ne, mililita 125. A auna da sirinji, ba da murfin galan ba.

Man da za a haɗa na injin da iska ke sanyayawa ne. Wanda masu kwalekwalen inji ke saya a bakin kogin Kwara an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa, bai dace ba. Shi kuma fetur, mu a nan mun san halinsa. Tun da Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, mutanen garuruwan bakin iyaka suka ƙara sabawa da na 'yan bumburutu. Babur yana haƙuri da shi. Injin jirgi ba ya yi, domin ƙwayar yashi ɗaya a kafireto tana kashe shi a tsakiyar alkafura. A tace sau biyu, a kuma sa matata a kan tiyo. Tiyon ma sai wanda aka yi don fetur; na silikon kumbura yake yi ya ruɓe. A cikin tanki akwai ɗan ƙarfe mai nauyi a bakin tiyo, wanda ke bin mai duk inda ya kwanta, ko jirgi yana rigingine. Girgiza tankin kusa da kunne: in ba ka ji yana ƙwanƙwasa bango ba, ya maƙale.

Za ku lura allon gaba ya ɗan karkata dama, digiri biyu zuwa uku. Ba kuskuren masana'anta ba ne, kada kafinta ya gyara. Juyin farfela yana jan jirgi hagu, karkatar ce ke rama wannan. Duk sukurun da ya shiga ƙarfe a ɗiga masa gam ɗin kulle zare mai launin shuɗi, domin girgizar injin nan tana kwance abin da aka ɗaure da dukan ƙarfi. Farfelar injin cc 55 takan kai inci 22 ko 23. In tana juyawa sau 6,500 a minti, bakinta yana gudun kimanin kilomita 700 a sa'a. Ba a tada ta da yatsa tsirara, ba a tsayawa a gefenta ko gabanta, kuma sai an ɗaure wutsiyar jirgi ko wani ya riƙe fukafukan ta baya.

Rimot, risiba da batir

Rimot ɗin zamani yana aika saƙo a zangon gigahaz 2.4 zuwa risiba da ke cikin jirgi, ita kuma ta umarci ƙananan motoci masu giya da ake kira sarbo su ja leɓɓa. A babban jirgi sai sarbo mai giyar ƙarfe, mai ƙarfin kilo 20 zuwa sama. Nan ba wurin neman araha ba ne. A nisanta wayar fulogi da akwatin wutar inji daga risiba, a kuma ɗaure kowace mahaɗar waya don kada girgiza ta zare ta. Batirin LiPo, kowane ɗaki nasa bai wuce bolt 4.2 in ya cika, ana ajiye shi a kan 3.8, kuma in ya kumbura ko ya huje yana kamawa da wuta. Kada a yi cajinsa a ɗakin kwana ko kusa da buhunan shinkafa, kada kuma a bar shi cikin mota a rufe a watan Afrilu.

Akwai saiti guda da nake ganin ya fi kowane muhimmanci ga mai zama kusa da iyaka: abin da jirgi zai yi in saƙon rimot ya yanke. Ana saita risiba ta mayar da totur sulo ko ta kashe inji gaba ɗaya. Gwada shi a ƙasa: a riƙe jirgi, inji yana aiki, ka kashe rimot ka gani. Lissafin mai sauƙi ne. Rabin litar fetur a tanki tana iya riƙe inji minti goma, kuma a gudun kilomita 100 a sa'a wannan ya haura kilomita 16. Gaskiya jirgin alkafura ba ya daɗewa a sama in babu hannu a kansa, amma ba kai za ka zaɓa masa inda zai faɗi ba.

Cibiyar nauyi

Duk wanda ya taɓa tsallaka Kwara a kwalekwale ya ga yadda mai jirgi ke jera buhuna. In kaya suka taru a gaba, hanci ya nutse, tuƙi ya yi nauyi. In suka taru a baya, hanci ya ɗaga, kwalekwalen ya riƙa wulgawa. Haka jirgin sama yake, sai dai shi kuskuren santimita biyu ya isa.

Cibiyar nauyi ita ce wurin da in ka tallafi jirgi a nan zai tsaya a kwance, bai rinjaya gaba ko baya ba. Takardar da ta zo da jirgi tana faɗin inda ya kamata ta kasance, ana aunawa daga bakin fiffike na gaba. Galibi tana faɗawa tsakanin kashi 25 da 33 cikin 100 na matsakaicin faɗin fiffike daga gaba zuwa baya. In faɗin santimita 50 ne, wurin yana tsakanin santimita 12.5 da 16.5. Sa alama da salatif a fukafukan biyu. A haɗa jirgi cif, da farfela da batir da murfin inji, tanki babu mai. Mutum biyu su sa yatsa a kan alamar, kowa a gefensa, su ɗaga a tare. Na uku ya koma gefe ya tsuguna ya duba.

In hanci ya ɗan sunkuya, da sauƙi: jirgin zai tashi, sai dai zai yi nauyin hannu, ya kuma sauka da gudu. In wutsiya ce ta rinjaya, kada a tada shi ko da wasa. Jirgi mai nauyin baya, da ka taɓa sanda kaɗan zai ɗaga hanci fiye da yadda ka nema, fiffike ya daina riƙe iska, ya kife gefe guda ya nufo ƙasa, kuma yakan yi haka ne lokacin sauka, sa'ad da babu sararin ceto. Saboda haka a tashin farko a sa cibiyar a gaba-gaban abin da takarda ta ce.

Wurin gyara, kada a yi gaggawar liƙa dalma. Fara da matsar da batir gaba ko baya, tunda nauyi ne da dole a ɗauka. Kuma ku lura da abin da ke sa wutsiya ta zama mai tsada: nisanta daga cibiya ya kai ninki uku ko huɗu na nisan hanci. Giram 10 na gam da aka yi almubazzaranci da shi a wutsiya sai an biya shi da giram 30 ko 40 a hanci. Daga nan a duba nauyin gefe da gefe: ɗaya ya riƙe tsinin farfela, ɗaya ya tallafi ƙarƙashin wutsiya, a ɗaga. Fiffiken da ke faɗuwa kullum ya fi nauyi, sai a sa ɗan nauyi a ƙarshen ɗayan. In an bar shi, duk alkafurar da aka yi za ta fita a karkace, mai tuƙi ya yi ta zargin hannunsa.

Sai motsin leɓɓa. Ana saita mataki biyu a rimot. Ƙarami, wanda leɓen wutsiya na kwance ke motsa digiri 10 zuwa 15, shi ne na tashi da sauka da koyo. Babba, mai kaiwa digiri 45, na masu tsayar da jirgi cak a kan wutsiyarsa ne, kuma ba na bana ba ne ga mai farawa. Rabi biyu na leɓen wutsiyar su tashi daidai da juna. Liƙa tsinken tsintsiya a kowanne, ka ga ko bakunansu suna tafiya tare. Sannan ka tsaya a bayan jirgi ka tura sanda dama: leɓen fiffiken dama ya tashi sama, na hagu ya sauka. Faɗa da baki kana yi. Ƙwararru da yawa sun rasa jirgi a daƙiƙa biyar na farko saboda wannan ya juye ba su duba ba.

Fili, hukuma da iyaka

Tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tada jirgi marar matuƙi a sararin ƙasar nan sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Shigo da irin kayan nan ma yana buƙatar takardar wannan ofishi. Wanda ya ce zai biyo da su ta Segbana zuwa Tsamiya, ko ta Malanbil zuwa Lolo, a ɓoye cikin kaya, ya sayi rigimar da ta fi kuɗin jirgin. Benin tana da tata hukumar da nata dokoki, kuma jihar Alibori da ke maƙwabtaka da mu cike take da sojoji saboda hare-haren 'yan bindiga. A namu ɓangaren, tun ƙarshen 2024 da maganar 'yan bindigar Lakurawa ta fito fili, jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya tantance jirgin wasa da na leƙen asiri ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Shawarata ita ce mazaunin Lolo, Illo ko Tsamiya ya yi ƙira da awo a gida, amma tashi ya yi nesa da iyaka, bayan takardu sun cika. Ko da takarda a hannu, a je wa hakimi ko mai gari tukuna: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke koyo, ga ranar da muke so, ga filin." A sanar da 'yan sanda. A gaya wa makiyayan da ke kusa, domin ƙarar injin tana firgita shanu. Kada a sa kyamara a jiki.

Filin ya zama shimfiɗaɗɗe, tsawon mita 150 ko fiye, babu wayar lantarki, babu eriyar waya, babu gidaje a inda jirgi zai kewaya. Fadamar da aka girbe shinkafa tana ruɗin ido: daga nesa sumul, kusa kuwa duk tsaga ce da sawun kofato, masu karya ƙafar jirgi. Filin ƙwallon makaranta ya yi gajere, ga turaku, ga yara. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya nemi ƙarin fili kafin ya ɗaga. Da hunturu kuwa ƙura tana shiga kafireto, hazo kuma yana ɓoye jirgi tun bai yi nisa ba.

Tashin farko ba na mai jirgi ba ne in bai taɓa tuƙi ba. Ana farawa da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, sannan ƙaramin jirgin soso mai fiffike a sama, mai tafiya a hankali, tare da malami da rimot ɗinsa ke haɗe da na ɗalibi don ya karɓe in abu ya rikice. Ranar tada babban, a rage ƙarfin rimot a ja baya taku talatin, a ga ko leɓɓa suna amsawa, inji a kashe sannan inji yana aiki. A tashi ana fuskantar iska, a hau sama sosai, a daidaita shi har ya tafi miƙe ba hannu. A rage totur a can sama a ga yadda yake yi in gudu ya ƙare masa. A mirgina shi rigingine: in sai an tura sanda da yawa kafin ya riƙe layi, hanci ya yi nauyi, in ya hau sama da kansa, baya ne ya yi nauyi, a sauko nan take. Minti biyar ya isa. Bayan sauka a bi kowane sukuru da kowane hinji da hannu.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya samo farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin, ya yanka fiffike mai tsawon santimita 60 da faɗin 12, ya ɗaura shi a kan karan dawa miƙaƙƙe, ya sa masa wutsiya ta kwali. Ku lissafa inda kashi 30 cikin 100 na faɗin fiffiken ya faɗa, ku sa alama. Ku ɗaura ƙananan kusoshi a hanci har ya tsaya daidai a kan yatsu biyu, ku jefa shi a hankali, ku auna nisan da ya yi da taku. Sannan ku cire kusa ɗaya ku sake jefawa, ku ƙara biyu ku sake, kuna rubuta abin da hancin ya yi kowane karo. A mako mai zuwa kowane rukuni zai kawo jirginsa da takardar awonsa, tare da amsar wannan: mililita nawa na mai za a zuba a lita uku ta fetur in ma'aunin 40 da 1 ne?